Abin da aikin barga ke koyarwa game da sabon doki

Sau da yawa ciwon da ke kama sabon doki a makon farko ba daga kasuwa ya zo da shi ba, karamcin sabon mai shi ne ke jawo masa. Mutum ya kashe kuɗi, zuciyarsa ta yi fari, sai ya cika wa doki kwano da gero da dusa tun ranar da ya iso, washegari ya ɗora sirdi ya zaga gari. Ba a rufa kwana biyu ba sai a ga doki yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa, yana neman birgima.

Dalilin yana cikin halittarsa. Tumbin doki ƙarami ne, da wuya ya ɗauki fiye da lita 15, kuma doki ba ya amai, abin da ya shiga sai ya bi hanji ya fita. A babban hanji ake narkar da ciyawa, wasu ƙananan halittu ne ke wannan aiki, kuma sun saba da irin abincin da yake ci a tsohon gida. In an sauya abinci dare ɗaya, ko aka ɗura masa hatsin da ya fi ƙarfinsa, sai iska ta taru, ciki ya murɗa. Wani lokaci abin har kofato yake sauka: ya yi zafi daga ciki, doki ya riƙa jingina nauyinsa baya don ya sauƙaƙa wa ƙafafun gaba. Wanda ya kai nan ba kowane ne ke komawa daidai ba.

Saboda haka kafin a biya kuɗi a tambayi mai sayarwa: me yake ci, mudu nawa, sau nawa a rana, da wane lokaci, ana jiƙa masa kanwa ko ba a yi? In da hali a sayo ɗaurin harawa daga wadda ya saba. Kwana ukun farko a bar shi da ciyawa da harawa, hatsi kuma rabin abin da ya saba ci. Daga nan a fara gauraya sabon abinci, kashi ɗaya cikin huɗu, ana ƙarawa bayan kowane kwana uku, har a kammala cikin mako biyu. Doki mai kilo 350 yana bukatar kilo 5 zuwa 7 na busasshiyar ciyawa da harawa a rana, a raba masa, kada ya wuni ciki wayam. A sansana kowane ɗauri. Wanda ya yi fumfuna a jefar. Kuma kada a zuba abinci kan rairayi, don yashin da yake haɗiyewa taruwa yake yi a hanji.

Ruwa ne abin da aka fi sakaci da shi. Doki yana shan lita 25 zuwa 50 a rana, da bazara ma ya wuce haka, amma wanda ya saba da ruwan rijiya yana iya ƙin na famfo saboda ɗanɗano. A auna da bokiti don a san abin da ya sha. In yana ja baya, a barbaɗa dusa kaɗan a ruwan, a yayyafa wa harawarsa ruwa, a ajiye wani bokitin na zalla kusa. Kashinsa ma shaida ne: mai lafiya yana yi kamar sau takwas zuwa goma sha biyu a rana, in ya ragu ko ya bushe ya yi ƙanana, ruwa bai ishe shi ba.

Dokin da aka ɗauko a mota daga nesa, misali daga Maigatari ko iyakar Chadi, ya yi sa'o'i kansa a ɗaure sama yana shaƙar ƙura, ya kasa sunkuyawa ya fitar da ita. Zazzaɓin huhu yakan bayyana bayan kwana ɗaya zuwa uku. A auna zafin jikinsa ta dubura safe da yamma. Daidai shi ne digiri 37.5 zuwa 38.5 a ma'aunin Celsius, in ya haura, ko ya ƙi abinci, a kira likitan dabbobi a ranar, kada a tsaya gwajin allurar kasuwa.

A keɓe shi mako uku, da bokitinsa da ragamarsa da burushinsa, a riƙa yin aikinsa bayan an gama da sauran. Ana lura da majina mai kauri, kumburi ƙarƙashin muƙamuƙi, kaska, da ƙuraje masu jeruwa a ƙafa. Sai dai keɓewa ba kulle shi cikin duhu ba ne. Doki dabbar garke ce, in bai ga ɗan'uwansa ba zai wuni haniniya yana zagaya turke har ya rame. A kafa turkensa inda zai hango sauran amma hancinsu ba zai haɗu ba. Ko bayan mako ukun, ingarma da ingarma ba a ɗaure su inda ƙafar wani za ta kai ga wani.

Igiyar turke ta isa ya kwanta ya tashi, kullin kuma ya zama wanda ake kwancewa da ja ɗaya. Doki yana gyangyaɗi a tsaye, amma barci mai nauyi sai ya kwanta, kuma ba zai kwanta a wurin da bai amince da shi ba. Ƙura a gefen jikinsa da safe alama ce mai kyau.

Mutum ɗaya ya riƙa kula da shi, a lokaci ɗaya kullum. Ya zo ta kafaɗar hagu yana magana, don doki ba ya ganin abin da ke daidai bayansa. Bayan kwana uku a fara jan sa da hannu cikin gida, sirdi sai mako na biyu, da irin linzamin da bakinsa ya saba. Mai niyyar hawan sallah ya sayi dokinsa wata ɗaya ko biyu kafin lokaci, ya riƙa nuna masa ganga da taron jama'a daga nesa yana matsowa a hankali, kafin ranar da bindiga za ta tashi kusa da kunnensa.