Matan da ke dafa burukutu a Jos da ilimin da ke hannunsu

A 'yan shekarun nan ana yawan jin labarin ƙananan kamfanonin giya da ke buɗewa a manyan biranen duniya, waɗanda suke dafa 'yar kaɗan da hannunsu, su sayar wa mutanen unguwa, suna alfahari da cewa kowace tukunya da nata ɗanɗano. A Amurka harkar ta bunƙasa ne bayan shekarar 1978, lokacin da doka ta halatta wa mutum ya dafa giya a gidansa, kuma a Najeriya ma an samu irinsu, kamar kamfanin Bature Brewery da ya fara a Abuja a 2017 kafin ya koma Legas. Duk lokacin da na ga ana yabon waɗannan wurare a matsayin sabon abu, sai hankalina ya koma kan matan Jos da ke dafa burukutu, wato giyar gargajiya ta dawa, a Tudun Wada da Kabong da Unguwar Rukuba, da kuma kasuwar Kugiya da ke Bukuru, domin su ne suka daɗe suna yin wannan aiki ba tare da wani ya rubuta sunansu a jarida ba.

Na san cewa mafi yawan masu karanta Hausa Musulmi ne, kuma Musulunci ya haramta giya haramci bayyananne. Manyan majami'un da ke da hedikwata a Jos, wato ECWA da COCIN, su ma ba sa goyon bayan shanta, kuma sun gaji wannan matsayi ne tun daga 'yan mishan da suka kafa su. Saboda haka ba kira nake yi ga kowa ya sha ba. Abin da ya dame ni shi ne, sana'a ce da take nan a fili, gidaje masu yawa suna ci daga gare ta, lafiyar mutane da dama tana rataye a kanta, amma an bar ta babu mai dubawa, kowa yana kawar da kai kamar ba ta nan.

Aikin yana farawa ne da dawa, galibi ja, wadda ake jiƙawa a ruwa kamar kwana ɗaya, sannan a tsame ta a shimfiɗa a inuwa, a rufe da buhu ko ganye, a riƙa yayyafa mata ruwa na 'yan kwanaki har ta yi tsiro. Daga nan sai a shanya ta a rana ta bushe, a kai inji a niƙa. Wannan tsiro shi ne ginshiƙin komai, domin a lokacin da ƙwaya take ƙoƙarin tsirowa ne take samar da sinadaran da ke mayar da sitacin cikinta ya zama sukari, kuma masu kunun zaƙi na gargajiya sun san wannan, tun da su ma sukan zuba garin tsiro don kunu ya yi zaƙi ya kuma tsinke.

Matakin da ya fi ba ni mamaki shi ne wanda ke biye. Mai dafawa takan dama garin da ruwa, ta bar shi ya kwanta, ta tsiyaye ruwan saman ta ajiye a gefe, ta dafa gurbin da ya kwanta a ƙasa shi kaɗai har ya yi kauri, sannan ta mayar da ruwan nan da ta ajiye ta haɗa su. Wanda bai san dalili ba zai ɗauka wahalar banza ce, alhali kuwa akwai hikima mai zurfi a ciki. Sitacin dawa ba ya nuna sai da zafi mai yawa, fiye da wanda sitacin sha'ir yake buƙata, kuma wannan zafin yana lalata sinadaran tsiron da ake so su yi aiki. Da a ce za a dafa komai a tukunya ɗaya, da sitaci ya nuna amma babu abin da zai mayar da shi sukari. Ta hanyar raba ruwan da gurbin, matan nan sun kuɓutar da sinadaran daga wuta, suka kuma dafa sitacin yadda ya kamata, kuma sun gano haka ne da gwaji da lura, uwa tana koya wa 'ya, tun kafin a kafa wani ɗakin bincike a ƙasar nan.

Bayan haɗawar ana barin ruwan ya kwana ya yi tsami, sannan a sake ɗora shi a wuta na sa'o'i masu yawa, a sauke ya huce, a zuba masa ragowar burukutun da aka dafa a baya domin ya tashi. Washegari ko bayan kwana biyu ya zama abin sha mai kauri, launinsa ja-ja, barasar da ke cikinsa kuwa takan kama daga kashi 3 zuwa 6 cikin ɗari. Fito ɗan'uwansa ne, sai dai shi ana tace shi sosai, shi ya sa ya fi tsinkewa. Daga jiƙo zuwa sayarwa aikin yana cin kusan mako guda, kuma da yake abin bai daina tashi ba ko da yana cikin ƙwarya, ba ya ajiyuwa, domin idan ya wuce kwana ɗaya ko biyu sai tsami ya rinjaye shi. Wannan ne ya sa masu dafawa a unguwa ɗaya sukan raba kwanaki a tsakaninsu, kowace da ranarta, don kada kaya ya yi kwantai.

A ƙasar Filato burukutu ya girmi birnin Jos nesa ba kusa ba. A wurin Birom da Ngas da sauran ƙabilun yankin, da shi ake kiran gayya a gona, da shi ake bikin aure da makoki da bukukuwan girbi, kuma masanin al'adu Robert Netting, wanda ya zauna cikin mutanen Kofyar, wata ƙabila ta Filato, a shekarun 1960, ya nuna cewa giyar hatsi tana aiki a wurinsu kusan kamar kuɗi wajen biyan ladan aiki da cika alkawuran zumunci. Da haƙar kuza ta tara leburori daga ko'ina a farkon ƙarni na 20, sai abin da ake dafawa don gayya ya koma haja ta kasuwa, mata kuma suka riƙe ta har yau.

Akwai wani tarihi da ya kamata a haɗa da wannan. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, lamarin da ya tilasta wa manyan kamfanonin giya na ƙasar komawa ga dawa da masara. Sai ga injiniyoyi da masana suna fama da matsalar nan ta zafi da sitaci wadda matan ƙauye suka daɗe da warwarewa, aka kuma koma ga irin dawar da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta inganta, irin su SK5912. Har yau manomin dawa a Kaduna ko Kano yana da kasuwa a wurin waɗannan kamfanoni, har da na lemon malt marar sa maye da ake sha a gidajen biki. A Jos kanta an kafa kamfanin Jos International Breweries a 1975, mai yin giyar Rock, wanda daga baya ya durƙushe, amma murhun matan Kabong bai mutu ba.

Ba zan ɓoye illolin ba, domin su ne ainihin abin da ya sa nake ganin shiru bai dace ba. Dawar da ba ta bushe da kyau ba takan yi fumfuna mai guba da ke lahanta hanta, tsiron dawa kansa yana ɗauke da wani sinadari mai dafi wanda sai an shanya an dafa sosai yake raguwa, kuma tsadar tukwane ta sa wasu suna dafawa a tsofaffin gangunan ƙarfe da ba a san abin da aka taɓa zubawa a ciki ba. Ga ruwan rijiya da ba a gwada ba, ga ƙwarya ɗaya da ke yawo daga baki zuwa baki bayan an ɗauraye ta sama-sama. Mafi muni shi ne goskolo, barasar nan mai ƙarfi da arha da ta addabi matasan Jos, wadda wasu ke tsiyayawa a cikin burukutu don ya ƙara bugu, har iyaye da malaman addinai biyu suka daɗe suna kuka a kanta. Mai dafawa ta gaskiya ita ma wannan abu yana cutar da ita, domin yana janye mata masu saye, yana kuma shafa wa sana'arta baƙin jini.

A ganina, abin da hukumomin lafiya na jiha da na ƙananan hukumomi za su iya yi ba mai tsada ba ne. Za su iya sanin adadin masu dafawa ta hanyar ƙungiyoyinsu na adashi, su koya musu tantance hatsi mai fumfuna, su taimaka musu da tukwane masu aminci da murhu mai rage cin itace, su kuma tsaya tsayin daka wajen hana sayar wa yara da hana gauraya da goskolo. Itace kaɗai yana cinye kaso mai yawa na ribar mace, hayaƙinsa kuma yana cin idonta da ƙirjinta shekara da shekaru. Da yawa daga cikin matan nan zawarawa ne ko waɗanda rikice-rikicen Filato suka raba da gonakinsu, kuma da kuɗin tukunyar nan, da na dusar da suke sayar wa masu kiwon aladu, suke biyan kuɗin haya da na makarantar 'ya'yansu.