Kumburin da ba ya ciwo

Da yawa daga cikinku, samari da 'yan matan Garwa da Marwa, ku ne masu riƙe takardar maganin iyayenku. Ku ake aike farmasi, ku ke karanta Faransancin da likita ya rubuta, wani lokacin ma ku ke biya. Da ku nake magana, don sa'o'ina sun riga sun yi nisa a taurin kai.

Ina da ciwon zuciya, irin wanda jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar suke ƙuntata. Da aka sallamo ni daga asibiti, an ɗora ni a kan maganin hawan jini, da ƙaramin asfirin, da na rage kitsen jini da ake kira statin. Na sha har ƙirjina ya daina nauyi, na koma harkar albasata tsakanin Marwa da Ngaundere. Sai na fara lissafin 'yan kasuwa: kowane wata sefa na fita a kan ciwon da ba na ji. Statin na fara ajiyewa, don shi ne ban ga aikinsa ba. Na hawan jini kuwa sai ranar da kaina ya sara.

Ga abin da ke gudana a jikina lokacin. Kitsen jini yana kutsawa cikin bangon jijiya, ya kwanta a ƙarƙashin shimfiɗarta ta ciki. Ƙwayoyin garkuwar jiki su bi shi su haɗiye, su mutu a wurin, wasu su ƙara zuwa, har wurin ya taru kamar maruru mai siririyar fata a kai. Hawan jini da ciwon sukari da hayaƙin taba suna ƙara rura shi. Ranar da fatar nan ta tsage, jini ya daskare a kanta nan take. In a jijiyar zuciya ne, zuciyar ce za ta kayar da mutum. In a manyan jijiyoyin nan biyu na wuya ne, gudan jinin ya ɓalle ya haura ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Cuta ɗaya ce, wanda yake da ita a zuciya sau da yawa tana wuyansa ma. Kuma duk wannan kumburin na cikin jijiya ba zazzaɓi, ba zafi, ba abin da za ka taɓa ka ji.

A 2017 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji da Dakta Paul Ridker na Boston, a Amurka, ya jagoranta. Mutum sama da 10,000 ne, dukansu zuciya ta taɓa kayar da su. An yi wa wasunsu allurar da ke kwantar da kumburi kawai, ba ta taɓa kitsen jini ba, amma sake faɗuwa da zuciya, da shanyewar jiki, da mutuwa ta sanadin ciwon zuciya ko jijiyoyin jini, in an haɗa su, sun ragu da kusan kashi 15 cikin ɗari. Allurar tana da tsada, ba ta irinmu ba ce. Abin da ya shafe mu shi ne statin mai araha yana yin aikin biyu: yana rage kitsen, yana kwantar da kumburin. Shi na raina.

Ban tsaya nan ba. Zaman babbar mota ya sa mini ciwon baya, na riƙa sayen diklofenak a hannun masu tallar magani a tasha, ina sha kamar gyaɗa. Kada wanda ya ce muku shi ma ai yana sassaɓe kumburi. Na gwiwa da baya yake sassaɓewa. Ga mai ciwon zuciya yana ɗaga hawan jini, ya wahalar da ƙoda, ya ƙara haɗarin toshewar jijiya. Ibuprofen ma haka. In Baba ko Inna na da ciwon zuciya, ku duba aljihun riga da ƙarƙashin matashi, can ake ɓoye su.

Wata safiya ina lissafi da yarona, alƙalami ya suɓuce daga hannuna na dama, harshena ya yi nauyi. Ya ce, "Alhaji, bakinka ya karkace." Kafin a tafasa shayi komai ya dawo daidai, na ce zafin Garwa ne, ko iska ce ta gifta, aka yi mini tofi na ci gaba da ciniki. Gudan jini ne ya toshe ya narke da kansa. Wanda hakan ta same shi, kwana biyun da ke biye su ne mafi haɗari, a cikinsu babbar shanyewar ta fi zuwa. Allah Ya yi da sauran kwanana. Da aka duba wuyana daga baya, an ga jijiyar hagu ta ƙuntata.

In kun ga bakin mutum ya karkace, hannu ɗaya ya ƙi ɗaguwa, ko magana ta harɗe, ku duba agogo ku riƙe lokacin, ku nufi asibitin da ke da sikana, na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ko da alamar ta wuce kuna hanya. Allurar narkar da gudan jini tana aiki ne in an yi ta cikin awa huɗu da rabi daga fara alamar. Ku yi addu'ar a cikin mota. Kada ku ɗura masa ruwa ko rubutu, don haɗiya kan lalace abin ya zarce huhu. Kada ku ba shi asfirin kafin hoto, wata shanyewar fashewar jijiya ce, asfirin kuwa ƙara zubar jinin zai yi.

Lokacin azumi kuma, ku je wurin likita tun a Sha'aban ya mayar da shan maganin tsakanin buɗa-baki da sahur. A watan nan ne na ga dattawa da yawa suna ajiye ƙwayoyinsu, sai bayan Salla a iske fakitin ko buɗe shi ba a yi ba.