Gara da awon busasshen ganye a gonar dakwara

Jama'a, alhamdu lillahi, awon da nake yi na yawan ƙasar da busasshen ganye ya rufe a gonar dakwara a gefen Gashuwa ya fara ba da lissafi mai kama hankali. Firam mai mita ɗaya da nake ajiyewa a ƙasa in kimanta ganyen da ke cikinsa da ido, na jingine shi. Ganyen dakwara mitsi-mitsi ne, rabinsa yashi ya binne, in ka kimanta da ido kai da abokin aikinka sai kowa ya faɗi nasa. Yanzu tef mai mita 50 nake ja, ina sauke siririn ƙarfe duk rabin mita, wuri 100 ke nan, abin da tsinin ya taɓa shi nake rubutawa. Tef ɗin ya ci kuɗi, ga yashi har ya fara goge lambobinsa, abin na damuna.

Amma gara ce ta fi ba ni wahala. Tun da ruwa ya ɗauke itatuwan suka fara zubar da ganye, sai ta bi ƙirare da kwanson da suka faɗi ta lulluɓe su da laka. Tsini ya sauka a kai, me za ka rubuta? In ka ce ƙasa ce tsirara, ka zalunci gonar, don akwai abu a ƙarƙashi yana ruɓewa. In ka ce ganye ne, wani lokacin ka ɗaga ɓawon lakar ka tarar ta cinye komai, sai rami. Raina ya ɓaci sosai, don layi ɗaya yana iya ba ni amsa biyu, ya danganta da yadda na ɗauki wannan laka.

Abin da ya warware min shi ne na ba ta gurbinta daban a takarda. Ganye daban, ƙirare daban, kashin awaki daban, lakar gara daban, kuma ba na ɗaga komai sai na gama layin. Da na sake bin layin tare da wani, lissafinmu ya kusa zama ɗaya. Wallahi na ji daɗi.

Saura iskar hunturu. Tana kwashe ganyen daga tsakanin layukan itatuwa ta tara a gindi, shi ya sa nake jan tef a karkace, ya ratsa inuwa da fili. Na kafa turaku a bakin kowane layin awo don in dawo wuri ɗaya kafin damina, in makiyaya ba su tumɓuke su ba.