Asabar: yau dai na sayi kyamara

Tun daren jiya nake lissafin kuɗin adashin da na kwasa, na cire na adaidaita sahu, na cire na katin memori, abin da ya rage ba zai kai ni ga sabuwa a kwali ba. Da safe na biya Gwammaja na ɗauko Kawu. Shekara da shekaru ya yi yana ɗaukar hoton biki tun zamanin da ake kai fim wanki, kuma ya ce in na kuskura na je ni kaɗai, kwanon awo za a sayar mini.

Ni dai da Canon 4000D na kwana a rai, saboda ta 2018 ce, sunanta ma ya fi cika baki. A shagon farko a titin Beirut, Kawu ya kwance lens ɗin ya miƙo mini gangar jikin.

"Taɓa nan, ɗana. Me ka ji?"

"Roba ce, Kawu."

"To, wurin da lens yake zama ke nan. Kuma ba ta kakkaɓe wa kanta ƙura. A garin nan, da hunturu, wa zai riƙa share maka ita?"

Nan take ta fita daga raina.

Shago na biyu aka fito mana da Nikon D3300 ta hannu, ta 2014, megafiksel 24. Gaskiya ta burge ni, ba nauyi, hotonta tas. Yaron shagon sai nanata 24 ɗin nan yake kamar mai tallan maganin basir. Kawu ya sa na ɗauki hoto ɗaya muka tura waya, muka duba adadin harbin da ta yi, wato yawan hotunan da ta taɓa ɗauka, tunda Nikon tana rubuta shi a cikin bayanan hoton. Ta haura dubu 80. Irin waɗannan ƙananan kuwa kusan dubu 100 kamfani ya gwada su a kai. Wani mai hoton biki ne ya tatse ta ya kawo. Ga wata matsalar: D3300 ba ta da injin saita gani a jikinta, sai lens mai nasa injin, AF-S ko AF-P. Tsohon lens 50mm mai araha da na hango a shagon, da hannu zan riƙa murɗa shi. Amarya ba za ta tsaya jirana ba.

Sai bayan azahar muka samu Canon 600D, a wani ɗan lungun shago da ko fanka ba ya da ita. Ta 2011 ce, megafiksel 18, robar mariƙinta ta ɗan ɗago a gefe. Da farko na yatsina fuska. Amma allonta yana buɗewa ya juya, akwai ramin makirfo don bidiyo, tana kuma girgiza ƙurar sensa, wato farantin ciki da hoto ke sauka a kai, da kanta duk lokacin da aka kunna ko aka kashe. Kawu ya tsuke buɗin lens ɗin zuwa f/22 don ƙurar sensa ta fito a hoto, ya ɗauki farin bango, muka zuƙo hoton muna bi lungu-lungu. Ɗigo biyu kacal, can sama ta hagu. Ya haska fitilar waya ta cikin lens ɗin 18-55mm yana neman fumfuna, wadda ya ce takan fito kamar saƙar gizo-gizo. Babu. Mai shagon ya jona ta a kwamfuta, harbinta bai kai dubu 20 ba.

Na ce, "Kawu, amma fa 18 ce, waccan 24."

Ya ce, "Hotunan naka allon talla za ka buga, ko a WhatsApp za su ƙare?"

Ban amsa ba. Abin da ya ƙarasa shawo kaina ma ba wannan ba ne. Kawu yana da lens biyu na Canon a akwati, kuma ya ce zan iya ara. Da na ɗauki Nikon, sai dai in riƙa kallonsu.

Ciniki ya ɗauki lokaci. Mai shago yana albarka, Kawu yana miƙewa kamar zai tafi, har sau biyu. A ƙarshe ya sallama, ya haɗa da caja da jaka mai mataccen zif. Batirin LP-E8 da ke ciki ya tsufa, sai na ƙara wani. Canjin da ya rage na ajiye, zan ɗora a kai har ya kai kuɗin 50mm f/1.8, lens ɗin da ke narkar da abin da ke bayan mutum a hoto ya kuma yi aiki a ɗakin amarya mai ƙarancin haske.

Kafin magariba na hau Dala in gwada. Hoto 63 na ɗauka, fiye da rabi sun yi fari fat, don na murɗa ta zuwa M, inda mutum ke saita komai da kansa, ina jin kaina gwani. Ɗaya ne ya fito yadda nake so, wani yaro a ƙasa yana kora tayar keke, rana ta bayansa. Na nuna wa Inna, ta duba ta ce ai kan yaron a yanke yake. Na sake dubawa, haka ne.