Kuɗin da na zuba wa injin tsaga katako

Injin da ke shagona, a wani ƙauye kusa da Ringim, mai walda ne ya haɗa shi: teburin ƙarfe, bel, da faifan zarto tsirara. Haka yawancin namu suke. Bana da aikin bencin makaranta ya faɗo mini, na haƙura da canza babur na zuba kuɗin a kan injin, don yaran shagon nan amanar iyayensu ce a hannuna.

Mutane sukan ce sakaci ne ke cin yatsa. Ba kullum ba. Idan kana tsaga ɗanyen falanki, irin na darbejiya, tsagar takan matse bayan faifan, haƙoran baya su ɗaga katakon su wurgo maka shi a ciki, hannu kuma ya zarce kan zarto. Maganinsa wani siririn ƙarfe ne mai lanƙwasa da ake kafawa daf da bayan faifan, kaurinsa bai kai faɗin tsagar ba, ya hana ta rufewa. Shi na fara sawa, sannan murfi, sai sandunan tura katako da muka yanka da kanmu.

Wanda ya fi kwantar mini da hankali shi ne makunni mai maganaɗisu. An ɗauke wuta, yaro ya manta bai kashe ba, ya sa hannu yana share garin katako, sai ga NEPA. Wannan kuwa wuta na ɗaukewa yake saki, injin ba ya tashi sai an danna.

Na san da injin zarto na SawStop, wanda Steve Gass ya ƙirƙiro a Amurka a 1999. Faifansa na ɗauke da 'yar wutar lantarki, fata na taɓa shi burkin alminiyum ya cafke haƙoran, faifan ya nutse ƙarƙashin tebur kafin ƙiftawar ido. Amma duk bugu ɗaya sai sabon burki, galibi har da faifai, kuma jiƙaƙƙen katako ma kan tayar da shi. Ga tsada. Ba namu ba ne tukuna.

Rigimar da ta rage da babban yarona ce.

"Maigida, murfin nan yana hana ni ganin layi."

Gaskiyarsa. Na canza masa na roba garai-garai, na kuma ce duk ranar da na tarar an cire, da samfefa zai wuni yana goge ƙafar kujera.