Kwana Goma Ina Tafinta a Ƙasa Mai Tsarki

Shekara goma sha bakwai na yi ina koyar da Littafi Mai Tsarki a ikilisiyarmu a nan Sakkwato kafin ƙafata ta taka ƙasar da nake ba mutane labarinta. Taswirar da ke bayan Littafin na haddace ta, ina iya zana Tekun Galili da Kogin Urdun a allo ido rufe. Shi ya sa da dattawa suka ce ni zan raka mutanenmu ziyarar ibada, na karɓa da murna, har ina ganin aikin ba zai yi mini wuya ba.

Mu talatin da biyu ne a motarmu. Akwai 'yan ƙasar Zuru, akwai na kudancin Kaduna da aiki ya zaunar da su Sakkwato, da tsofaffin sojoji biyu, da matan zumunta da dama. Hausa ce ta haɗa mu, kuma fiye da rabinmu ba sa jin Turanci idan ana gudu da shi. Aikina shi ne in karanta nassi a kowane wuri, in ja addu'a, in kuma fassara abin da ɗan jagora zai faɗa.

Kafin mu tashi, maƙwabcina Alhaji, wanda ya sauke farali sau biyu, ya kira ni ƙofar gidansa bayan magariba. Ya ce, "Malam, abu biyu zan gaya maka. Kada ka yarda tsoho ya sa sabon takalmi. Kuma duk inda za ku tashi, ka ƙirga mutanenka da bakinka, kada ka ce wani ya ƙirga." Na yi godiya. Duka biyun sun yi mini rana.

Ɗan jagoranmu Balarabe ne Kirista, haifaffen Nazarat, ya karanta tarihi da ilimin tonon kufai, yana kuma riƙe da lasisin da sai an yi kwas na kusan shekara biyu ake samu. Ranar farko da safe, da muka yi addu'a a mota, na ga ya juyo yana kallonmu. Ya ji "Allah", ya ji "Almasihu", ya ji "Ruhu" da "albarka". Ya ce da waɗannan kalmomin mahaifiyarsa take addu'a. Daga nan mutanenmu suka sa masa suna Malam, ni kuma na koma ƙaramin malam.

Tun kafin mota ta motsa ya kafa mana ƙa'ida. Ya ce duk wurin da zai kai mu zai faɗa mana matsayinsa: wani wurin tabbas ne, wani ana kyautata zato, wani kuwa gado ne kawai, masu bi sun daɗe suna tunawa da abin a nan amma ƙasa ba ta ba da shaida ba. Gaskiya na yi jinkiri kafin in fassara. Na dubi fuskokin matan nan, wata adashin shekara huɗu ta zuba, wata 'ya'yanta ne suka haɗa mata kuɗin. Na ji tsoron kada maganar ta kashe musu jiki. Sai na sassauta ta, na ce Malam zai riƙa yi mana bayanin tarihin kowane wuri. Na rage maganar mutum, kuma daga baya na biya bashin.

Galili ba ta ba ni matsala ba, domin teku ba ya ƙaura. Yana nan kimanin mita 210 ƙasa da doron teku, duwatsu sun kewaye shi, iska kan gangaro ta kwaruruka ta tayar da shi cikin ɗan lokaci. A Kafarnahum Malam ya nuna mana majami'ar Yahudawa ta fararen duwatsu, ya ce ta ƙarni na huɗu ko na biyar ce, ba ita Yesu ya shiga ba. Sai ya durƙusa ya ɗora hannu a kan baƙaƙen duwatsun da ke ƙarƙashinta, ya ce masana da yawa suna ganin waɗannan ne harsashin ta zamaninsa. Taku kaɗan daga nan akwai kufan wani gida da masu bi na farko suka keɓe, aka gina majami'a mai kusurwa takwas a kansa a ƙarni na biyar. Gidan Bitrus ke nan, a sahun kyautata zato. A Ginosar kuma muka ga jirgin masunta da aka tono daga laka a 1986, shekarar da fari ya janye ruwa. Tsawonsa ya ɗan haura mita takwas. Wani dattijo da ya tashi a bakin gulbi kusa da Argungu ya daɗe yana duban yadda aka yi ta yi wa jirgin faci da itace iri-iri, ya ce, "Wannan na talaka ne."

A cikin jirgin da ya ratsa da mu tekun na yi kuskurena na biyu. Na buɗe Markus sura huɗu, na shiga bayani, na kawo Helenanci, na kawo abin da masu sharhi suka ce, har kusan minti ashirin da biyar. Malam ya matso ya yi mini raɗa: "Littattafanka suna jiranka a gida, ruwan nan kuwa yau kaɗai suke da shi." Ya sa aka kashe inji. Muka yi tsit, ba ka jin komai sai ruwa yana dukan katako. Can wata mama ta ɗauko waƙa a hankali, sauran suka amsa. Daga ranar ba na wuce aya goma da magana ta minti uku a kowane wuri, sauran bayani sai dare bayan an ci abinci, ga mai so.

Kogin Urdun ya ba mutanenmu mamaki. A Kasar al-Yahud, kusa da Yariko, ruwan ja ne kamar kunun kanwa, kuma ƙunci gare shi, har kana ganin fuskokin maziyartan da ke tsallaken ƙasar Jodan. Yawancin ruwan ana tare shi tun daga sama domin sha da noma. Ɗaya daga cikin tsofaffin sojojin ya ce, "Malam, wannan ne Urdun ɗin? Ai gulbin Rima ya fi shi." Na buɗe masa Sarakuna na Biyu sura biyar, inda Na'aman ya yi irin wannan ƙorafi, ya ce kogunan Dimashƙu sun fi. Baba ya karanta da kansa, ya tuɓe takalmi ya shiga. Malam ya ƙara da cewa Linjilar Yohanna ta ce a ƙetaren Urdun ake baftisma, kuma tsofaffin majami'un da aka tono suna can gefen Jodan, a Al-Magtas, wanda UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 2015.

Hanyar Yariko zuwa Urushalima ita ta gyara mini karatu. Sau nawa na karanta cewa wani mutum yana gangarowa daga Urushalima zuwa Yariko, ban taɓa tsayawa kan kalmar gangarowa ba. Yariko tana kimanin mita 250 ƙasa da doron teku, Urushalima kuwa ta haura mita 750 a sama, tsakaninsu bai kai kilomita talatin ba. Kunnuwanmu suka toshe, mota tana nishi, hagu da dama ƙwarangwal ɗin duwatsu da lunguna inda ɗan fashi zai laɓe. Muka rera Zabura ta 121, ɗaya daga waƙoƙin hawa. A wani kwari muka hango makiyayi yana gaba, tumaki suna binsa a baya. Nan ban yi wani bayani ba. Wanda ya saba ganin Bafulatani da udawansa a hanyar Illela ya riga ya san Yohanna sura goma.

A Baitalami sai an wuce shingen bincike da doguwar katanga. Ƙofar Majami'ar Haihuwa ba ta kai ƙirjin babban mutum ba, dole ka sunkuya. Ginin da ke tsaye na zamanin sarkin Rum Jastiniyan ne, ƙarni na shida, a kan na zamanin wani sarkin Rum da ya gabace shi, Kwanstantin. Mun yi awa biyu a layi kafin mu sauka kogon da tauraron azurfa mai tsini goma sha huɗu yake. Amma abin da ya fi taɓa ni wani kogo ne a gefe, inda ake tunawa da Jerom, wanda ya zauna a garin fiye da shekara talatin yana fassara Littafi zuwa Latin har ya rasu a 420. Na tuna da Dakta Miller na Zariya da malaman Hausa da suka yi aiki tare da shi har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Ni ma tafinta ne, ga shi kuma na rage maganar da aka ba ni amana. Abin ya tsaya mini a rai.

Bashin ya zo a Urushalima. Da safe muka shiga Majami'ar Kabari Mai Tsarki: cunkoso, hayaƙin turare, fitilu, kowace ɗariƙa da kusurwarta. Mutanenmu ba su saba da irin wannan sujada ba, wasu duk suka takura. Da yamma aka kai mu Kabarin Lambu, wuri mai furanni da inuwa, ga kabari a sassaƙe cikin dutse kamar hoton littafin makarantar Lahadi. Aka yi Jibin Ubangiji, aka yi kuka. Muna fita sai wata mama, shugabar zumuntar mata a da, mai shekara saba'in da 'yan kai, ta riƙe hannun rigata. Ta ce, "Ɗana, da safe kun ce kabari, yanzu kun ce kabari. Wanne ne?"

Na kira Malam, na kuma yi wa kaina alkawari ba zan rage ko kalma ba. Ya ce Kabarin Lambu a ƙarni na goma sha tara aka fara danganta shi da Yesu, musamman bayan zuwan Janar Gordon na Ingila a 1883, kuma masana tonon kufai sun ce ya girmi zamanin Yesu da ɗaruruwan shekaru, alhali Linjila ta ce sabon kabari ne. Majami'ar safe kuwa, ko da yake yau tana tsakiyar birni, a lokacin wurin yana bayan ganuwa, tsohon wurin fasa dutse ne, kuma har yanzu akwai kaburburan ƙarni na farko a cikinta. Sarkin Rum Hadiriyan ya gina haikalin gumaka a kai, aka rushe shi a zamanin Kwanstantin, aka keɓe majami'ar a 335. Ya ce can ne shaida ta fi ƙarfi, nan kuwa wurin tunani ne da addu'a.

Mama ta saki rigata. Ta ce, "To me ya hana ka faɗa tun da safe? Da na sani ai da ban tsaya kallon mutane ba." Ba fushi a muryarta, amma na ji kunyar da ban taɓa ji a gaban ɗalibi ba. Ashe ni ne na raina bangaskiyarta. Da dare na tara jama'a na faɗa musu ƙa'idar Malam yadda ya faɗe ta ranar farko, na roƙi gafara. Washegari da asuba, kafin masu yawon buɗe ido su cika wurin, Malam ya koma da mu takwas majami'ar. Mama ta hau matakalai masu tsayi na Golgota, wurin gicciye, da gwiwarta mai ciwo, ina riƙe da jakarta. Ta daɗe a durƙushe.

Ba kowane ɗan jagora ne irin namu ba. Wata motar da muka kwana masauki ɗaya, nasu ya fi ba shagunan tsaraba lokaci a kan wuraren ibada, domin yana da kaso a cinikin, kuma duk dutsen da ya nuna musu sai ya ce tabbas ne. Mutane suka cika jaka da man zaitun da ruwan Urdun kamar magani. Ban hana kowa tsaraba ba, ni ma na sayo gicciyen itacen zaitun a hannun Kiristocin Baitalami, waɗanda da wannan sana'a suke ci. Na dai ce wa namu ruwan tunawa ne, ba laya ba. Haka ma haruffan JP, alamar wanda ya ziyarci Urushalima, da ake liƙawa a bayan suna in an dawo, ba na son yadda wasu ke mai da su sarauta.

Ƙirgar da Alhaji ya ce in riƙa yi ta ceci wani baba a kasuwar tsohon birni, inda lunguna suke kama da juna. Talatin da ɗaya na samu a Ƙofar Yafa, muka koma muka tarar da shi zaune a shagon wani mai kayan yaji, an ba shi shayi. Masu sabon takalmi kuwa, mutum uku da suka ƙi jin magana, da filasta suka gama ziyara.

Da na dawo na kai wa Alhaji dabinon Yariko. Na ba shi labarin cewa mabuɗin Majami'ar Kabari yana hannun gidaje biyu na Musulmi, Juda da Nusaiba, tun ɗaruruwan shekaru: ɗaya ke ajiye shi, ɗaya ke buɗe ƙofa. Na kuma gaya masa abin da ake ruwaitowa game da Halifa Umar, cewa ya ƙi yin salla a cikin majami'ar don kada na baya su mai da ita masallaci, ya fita waje ya yi, kuma akwai masallaci mai sunansa daura da ita. Ya ce wannan ya sani tun yana makarantar allo, na mabuɗin ne bai taɓa ji ba. Ya sa na maimaita wa 'ya'yansa.

Yanzu duk wanda zai tafi daga ikilisiyarmu, wata biyu kafin tafiya muna haɗuwa kowace Asabar da sassafe, kafin ranar Sakkwato ta buɗe. Kowa ya zo da takalmin da zai tafi da shi, mu yi tafiyar awa ɗaya a ƙasa, mu dawo mu zauna ƙarƙashin dogon yaro da taswira. Darasin farko Mama ce take bayarwa. Takan ɗaga yatsu uku ta ce, "Na tabbas, na kyautata zato, na gado. Duk inda aka kai ku, ku tambaya."