Daga Damagaram zuwa Agege: zamana a gidan Alhaji

Turanci ne ya kai ni Legas. Mu a Nijar da Faransanci muka yi boko, kuma duk aikin da na nema bayan na gama jami'a a Damagaram sai a ce ina Ingilishi. Abokaina Ghana suka nufa, amma Baba ya ce ba zai tura ɗansa garin da ba shi da maigida ba. A Legas kuwa yana da shi: wani Alhaji a Agege, dillalin dabbobi, wanda shekara da shekaru shi ke karɓar masa raguna da shanu idan ya yi lodi zuwa kudu, ya sayar, ya aiko da kuɗi, ba a taɓa rubuta ko takarda ɗaya ba. Waya guda Baba ya yi. Alhaji ya ce, "A turo shi, ai ɗa na kowa ne."

Na bi ta Matamaye da Daura na shiga Kano, na canza sefata a Wapa, aka miƙo mini damin naira har na ji kamar na yi arziki. Daga Sabon Gari na hau babbar motar dare. Can tsakar dare a wani shinge wani jami'i ya hau, ya haska mu da tocila ɗaya bayan ɗaya. Da ya ga fasfona sai ya ce, "Ba ku ne kuka fita daga ECOWAS ba? Me ka zo nema?" Gaskiya ne Nijar ta fita a Janairun 2025, amma ita wannan ƙungiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma da kanta ta ce a ci gaba da karɓar takardunmu. Bai saurare ni ba, ya sa fasfon a aljihu ya sauka. Wata Inyamura 'yar kasuwa da ke kusa da ni ce ta bi shi, ta yi ta zazzaga masa Turanci, ta dawo da fasfon a hannu, ta ce mini da Hausar Kano tsantsa, "Ungo, ɗana, ka daina rawar jiki, kuɗin shayi yake nema."

Na zaci zan sauka cikin Yarbawa in rasa mai jin maganata. Ina sauka a Agege sai ga mai shayi yana yi mini barka da zuwa, ga mai tsire, ga masu goro sun jera huhu, ga kiran salla ta kowace kusurwa. Hausawan nan ba jiya suka zo ba. Alhaji ya ce goro ne ya kawo kakanninsu, tun gonakinsa na kewaye da Agege, sannan layin dogo da ya isa Kano a 1911 ya sauƙaƙa kai shi arewa. Suna da Sarkin Hausawansu, suna da zangonsu. Shi kansa Alhaji a nan aka haife shi, Kano baƙunta yake zuwa. Yana cikin yi mini Hausa waya za ta shigo, ya juya Yarbanci, in ba ka ga fuskarsa ba ka rantse wani ne ya karɓi wayar.

Gidan bene ne, 'yan haya a ƙasa, iyali a sama. Babu zaure, babu tsakar gidan da za ka shimfiɗa tabarma ka kwana kana shan iska irin namu. Aka haɗa ni ɗaki da samarin gidan biyu. Na miƙa wa Hajiya tsarabar da Inna ta haɗo, kilishi da cuku da dabino, ta yi godiya, ta ce a cinye kilishin nan da wuri, "nan ba Damagaram ba ce, danshi zai kama shi." Ta fi ni sanin garinta. Takalmin fatar da na ajiye ƙarƙashin gado fumfuna ta rufe shi fari fat. A gida ka wanke riga da azahar ka sa ta da la'asar, a nan tana iya kwana biyu a igiya tana warin ruwa.

Da farko sarauta na yi. Abincina daban a kula, shayi a filas, yara na durƙusawa su ajiye su fita. Ni kuwa kewar gida ta ishe ni, ina cin abinci ni kaɗai ina jin dariyarsu a falo. Rannan bayan asuba Hajiya ta buga ƙofa ta ce, "Kai ɗan Damagaram, baƙunta ta ƙare. Ga jarka nan, a sayo man janareto, ka biya ka taho da burodi." Raina ya ɗan sosu, don a gidanmu baƙo ko wata nawa zai yi ba a aikensa. Amma da daren ranar aka daina kawo mini kula. Tire ɗaya muka sa hannu da samarin, aka yi mini faɗa don na bar fanka a kunne, autar gidan ta fara kirana Yaya. A ganina Hajiya ta fi mu iya riƙon baƙo, mu da muke ajiye shi a ɗaki muna ta girmama shi har ya gaji ya tafi.

Burodin Agege ya cancanci sunan da ya yi. Laushi gare shi da danƙo, in ka ja shi sai ya miƙe kafin ya rabu. Da safe wata mata kan zo da tukunya a ka, ta zuba wake da ya dahu ya narke, ta kwarara masa baƙin manja mai yaji da ya sha suya da albasa, ewa agoyin ke nan, ka tsaga burodin ka cusa a ciki. Yajin Legas dai sai addu'a. Da dare Hajiya tukunya biyu take ɗorawa: tuwo miyar kuka na Alhaji, amala da ewedu na yara, waɗanda ke kallon tuwo kamar magani. Fura kuwa, da muke sha kullum ba lissafi, a nan sai ka saye ta a 'yar roba da tsadar da ba zan faɗa wa Inna ba.

Maganar tsada, damin nairar nan bai kai ko'ina ba. Na raka Hajiya kasuwar Mile 12, inda manyan motoci ke sauke tumatir da tattasai da albasa daga arewa. Albasa uku a faranti, kuɗin da za a cika maka leda a kasuwar Dole. Amma ka ga ciniki! Mai tumatir, Hajiya ta yi masa Hausa har da tambayar mutan gida, ya rage. Mai kifi ta juya mata Yarbanci, suka yi kamar za su daku, aka ƙare da dariya da gyara. Ni in na buɗe baki farashi sai ya hau, don haka aka bar mini ɗaukar kaya. Ruwa ma saye ake yi idan famfo ya ƙafe, kuma ɗan ga-ruwan layinmu mutumin Tanut ne. Da ya ji inda na fito, sai da ya ajiye kura muka gaisa har kakanni.

Makarantar koyon Turancin tana Yaba, kuma zuwa can shi ne ainihin karatun. Ƙarfe biyar da rabi mun fita. Yaron danfo, wato ƙaramar bas ta haya, yana rataye a ƙofa yana ihu kowa ya shigo da canjinsa, in babu sai ya haɗa ku biyu da takardar kuɗi ɗaya ya ce ku je ku raba, motar ta wuce ta bar ka da wanda ba ka taɓa gani ba kuna neman mai canji. Ruwan sama na sauka kuɗin mota ya ninka. Sauƙin da na samu jirgin ƙasa ne na Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024, ka taɓa katin Cowry a tashar Agege, ka bi ta Ikeja da Oshodi da Mushin ka sauka Yaba ba ka yi gumi ba. Mutanen garin ba su da lokacin doguwar gaisuwa, ka ce ina kwana mutum ya riga ya yi nisa. Sai dai girmama manya ba a kai Bayarabe: ɗan 'yan hayar ƙasa, ma'aikacin banki da kwat, kwanciya yake yi rub da ciki ya gaishe da Alhaji. Turancin kuwa, rabinsa a aji na koya, rabinsa wurin auta 'yar firamare, wadda ke duba aikin gidana da jan biro ba sani ba sabo.

Samarin sun kai ni tsibirin Legas ta gadar Third Mainland, kusan kilomita 12 a kan ruwa, an buɗe ta a 1990, ga gidajen Makoko a kan turaku can ƙasa. Mun yi Juma'a a babban masallacin tsibirin, na ga teku, ban yarda na wuce idon sawu ba.

Da zan taho na miƙa wa Alhaji ambulan da Baba ya ce in ba shi. Ko buɗewa bai yi ba, ya ce, "Mayar masa, ka ce in yana son faɗa da ni ya sake." Hajiya ta cika mini jaka da burodi da garin kwaki da manja, ta ce in turo mata kanwa da turaren wuta da motar ragunan layya. A dawowa ba wanda ya tambaye ni fasfo sai a kan iyaka, manjan ne kawai ya tsiyaye a kan takardar shaidar gama makarantar.